Jar Motar da Ta Zo Cikin Akwati

Kuna cewa aikin katako ba shi da wuya, tunda yanzu inji ke yanka, inji ke gogewa, naku ku danna maɓalli ku shafa gam. Ban yi muku musu ba, hannu ya huta. Amma abin da ya sa ake kiran mutum kafinta ba a hannu kaɗai yake ba, kuma ni sai da aka yi rashi na gama gane haka. Ku gyara zama in gaya muku.

Sunana Garba, a Hindawiyya aka haife ni, wata unguwa a Jidda. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya yi Hajji, bai koma ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Mu'allim Ilyasu, wani Bahaushen Sudan da ya tsallako teku yana saurayi, ba shi da komai sai gizago da zarto naɗe a tsumma. Shekarata ta farko ban taɓa katako ba. Tsofaffin ƙusoshi nake miƙewa a kan guntun ƙarfe, in wasa zarto haƙori bayan haƙori, in share wuri. Shekara ta biyu aka sa ni a rami. Gungume ake ɗorawa a bisa, mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ana jan babban zarto, kuma sabon shiga shi ne na ƙasa. Garin katako a ido, a hanci, a cikin abinci, ga zafin Jidda da kuka sani, wanda gumi ba ya bushewa a cikinsa. A ramin nan na koyi warin itace. Kafin in fito, ko da ido rufe ina bambance jawi, jan katakon nan mai nauyi da jiragen ruwa ke kawowa daga gabas, da farin katakon Turai da ba ya jure raɓar teku.

Aikin gini na farko da na bi Mu'allim, gidan wani ɗan kasuwa ne a cikin tsohon gari, hawa huɗu. Ku da kuka tashi cikin siminti ba lalle ku gane ba. Dutsen da aka gina Jidda da shi a bakin teku ake haƙo shi, mai laushi ne, yana shan gishiri yana marmashewa. Shi kaɗai ba zai ɗauki hawa huɗu ba. Don haka duk bayan 'yan layukan dutse sai magini ya dakata, mu mu shimfiɗa katako a kwance tsawon bangon, mu ɗaure kusurwa da kusurwa, sannan ya ci gaba. Takalil muke ce musu. Su ke raba nauyi, su ke hana bango tsagewa. In dutse ya lalace a ƙasa, su ake tokarewa a zare shi a sa wani, gida na tsaye, mutane na cin abinci a sama. Da zarar katako ya shiga bango kuwa, ba mai sake ganin cikinsa. Shi ya sa Mu'allim ba ya barin ko ɗaya ya hau sai ya juya shi fuska huɗu, ya ƙwanƙwasa, ya soka masa basilla a kai da gindi.

A gidan nan maigidan ya kawo wasu katakai biyu da ya ciro daga tsohon shagonsa, an goge su suna sheƙi. Mu'allim ya ɗora basilla, ta shige har mariƙi ba tare da ya sa ƙarfi ba. Gara ta cinye cikin ta bar fata. Mutumin ya ce ai biyu ne kawai, a kai su hawa na ƙarshe inda ba nauyi. Mu'allim ya fara naɗe kayan aikinsa. Ya ce, “Ni ba zan kwana a gidan nan ba, 'ya'yanka za su kwana. In ka yarda su kwana ƙarƙashin wannan, nemi wani kafinta.” Sai da muka kai bakin lungu aka aiko a kira mu.

A unguwarmu aikin daban ne. Mutanenmu ba su da dutse, ba su da jawi. Katakon akwatunan kaya ake samowa daga tashar jiragen ruwa, a cire ƙusa, a kafa ɗaki, a buɗe gwangwanayen kananzir a lulluɓe. Akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai da rufin ɗakinta ya sauko mata har yana taɓa kanta in ta miƙe. Yini biyu muka yi a kansa. Na ga Mu'allim yana juya allon akwati fuska huɗu, yana soka basilla, daidai yadda ya yi a gidan ɗan kasuwa. Na ce masa wannan ai ɗakin gwangwani ne. Sai ya miƙo mini allon ya ce in sake dubawa, akwai tsaga a gefe ban gani ba.

Mu biyu muka koyi aiki a hannunsa har ƙarshe, ni da ɗansa Hamza. Shi kaɗai Allah ya bar masa, sauran sun rasu suna ƙanana, uwarsu ma ta bi su. Na girme shi da shekara uku, Yaya yake ce mini, a tabarma ɗaya muka kwana. Hannunsa ya fi nawa kyau. Akwai wani roshan, tagar katakon nan mai fitowa waje da ake huda wa ƙananan ramuka don iska, da muka haɗa wa wani gida mai kallon teku. Hamza ne ya yanka furannin samansa, ba gam, ba ƙusa, kowane guntu ya shiga cikin ɗan'uwansa, da ɗan sararin da aka bar masa ya kumbura lokacin raɓa. Masu wucewa na tsayawa kallo. Amma zuciyarsa ba ta wurin. In mota ta gifta sai zarto ya tsaya a hannunsa. Ya iya rubutu, ya tsinci Turanci a bakin ma'aikatan jirgi, ya samu aikin rubuta kaya a tasha. Mu'allim bai hana shi ba. Abin da ya ce kawai, “Allah ya sa albarka. Garba na nan.”

Daga nan siminti ya shigo. Masu hali suka fara barin tsohon gari suna gini a arewa, da ginshiƙin ƙarfe da tagar gilashi, ba mai neman takalil. Abin da ya riƙe mu shi ne motocin alhazai. Lori kan sauko daga jirgi tsirara, inji ne da sitiyari da tayoyi da dogayen ƙarafa biyu. Mu ke gina mata jiki. Mu shimfiɗa gado, mu ta da haƙarƙari, mu jera bencina, mu yi tsani a baya da wurin kaya a sama. A nan na koyi cewa katakon mota ya fi na gida shan wahala. Na gida yana zaune wuri ɗaya. Na mota kullum girgiza shi ake yi, kuma inda yake fara mutuwa shi ne inda ƙarfe ya ratsa shi, wurin noti, don nan ruwa ke kwanciya. A lokacin idon Mu'allim ya fara yin yana. Ya koma zama a kan benci a bakin shago, in na gama haɗi sai in kawo ya shafa.

Wata ranar Alhamis da safe ina tsakiyar jera haƙarƙarin wata lori, Hamza ya shigo. A lokacin ya yi aure, matarsa Safiya 'yar mutanenmu ce na Makka, tana da ciki.

Ya ce, “Yaya, ajiye gudumar nan ka zo ka duba mini mota.”

Na ce, “Mota bakanike ke dubawa.”

“Bakanike ya duba inji, ya ce lafiya. Sauran naka ne. Ta katako ce.”

A hanya ya ba ni tarihinta. Wani Bature injiniya da ya yi aiki a tasha ne ya yi odarta daga ƙasarsu. Ba a haɗe ta zo ba. A akwati uku ta zo, guntu-guntu, da littafin da ke nuna inda kowane abu zai shiga. Hamza da kansa ya rubuta akwatunan ranar da aka sauke su, kuma tun ranar take ransa. Baturen ya haɗa ta a tsakar gidansa da hannunsa, wata da watanni, ya hau ta har ya gama aikinsa ya koma gida. Ya sayar wa ɗan wani attajiri, shi kuma ya yi yayinta ya gaji, ya ajiye ta a wani fili kusa da teku ya rufa mata tamfol. Nan ta yi shekara biyu. Yanzu ta faɗo hannun wani dillali.

Da na ji shekara biyu ƙarƙashin tamfol a bakin teku, ya kamata in juya. Tamfol ba ya hana raɓa shiga, fita yake hana ta.

Muka isa. Motar ja ce, 'yar ƙarama, kujera biyu, ba rufi sai na zane da ake jawowa. Kusa da ƙasa take, kamar mutum zai zauna a tabarma. Gaskiya ban taɓa ganin abu mai kyau irinta a kan taya ba. Inji da ƙarafan tayoyi ne kawai ƙarfe. Gadonta da haƙarƙarinta duk katako ne, farin nan na Turai, an lulluɓe shi da siririn kwano. Na buɗe ƙofofi na ƙwanƙwasa, na ɗaga kujeru na soka basilla, na leƙa wajen inji. Duk inda hannuna ya kai lafiya lau, kuma Baturen ya iya haɗi, ban raina masa ba. Sai na kwanta na shiga ƙarƙashinta ta baya, inda sifirin na tayoyi ke ɗaure da gadon. An rufe wurin da sabon kwano, an jera masa ƙusoshi kusa da kusa, an shafa baƙin fenti mai kauri. Na kai hanci. Bayan warin fenti akwai na ma'ajun, ƙullun nan da muke cike rami da shi a katako.

Na fito na ce wa dillalin ina so in ɓamɓare kwanon in ga ciki.

Ya ce, “In ka ɓamɓare ka saya. Jiya aka gama mata fenti. Kuma akwai wanda zai zo bayan la'asar, shi bai ce zai ɓamɓare komai ba.”

Na dubi Hamza. Yana zaune a bayan sitiyari, hannu biyu a kai, bai ma ji abin da muke cewa ba. Mutumin da tunda ya fara aiki bai saya wa kansa ko agogo ba. Ni kuma lori na jirana, mai ita ya ce Asabar zai zo. Na ce a raina ma'ajun ai kowa na sawa, wataƙila ramin tsohuwar ƙusa aka cike. Na sake sunkuyawa na ƙwanƙwasa kwanon da mariƙin basilla, kamar kwano zai gaya mini abin da ke bayansa.

Hamza ya ce, “Yaya, ya ka gani?”

Na ce, “Inda na gani lafiya.”

Ya ce, “Halas.” Suka shiga ciniki.

Da yamma ya kawo ta ƙofar shago, unguwa ta fito kallo. Aka kama hannun Mu'allim aka zagaya da shi. Ya shafa ta daga hanci har baya, a hankali, yadda yake shafa ƙofa. Da ya zo baya sai ya ɗan tsaya, ya sunkuya. Sannan ya juyo wajen da nake.

“Garba, ka duba ƙarƙashinta?”

“Na duba, Mu'allim.”

“To, Allah ya tsare.”

Ba zan ce motar ba ta kawo farin ciki ba. Ran Juma'a bayan la'asar yakan ɗauki Safiya su bi bakin teku. Ya taɓa ɗaukar Mu'allim, tsoho ya dawo rawani a hannu yana dariya, wai iska ta wanke masa kunne. Ni ma na shiga sau biyu. Haka aka yi wata huɗu.

Aikin da na fi tunawa a duk rayuwata bai kai na minti goma ba. Saura kwana kaɗan a hau Arfa, lori uku na tsaye a filinmu, masu su na zaune a kaina, alhazai sun cika gari. Hamza ya zo ya ce ƙofar wajen direba ta daina rufuwa sai an ɗaga ta an buga. Duk wanda ya yi shekara ɗaya a sana'ar nan ya san ƙofa ba ta canja hali haka kawai. In wadda ke rufuwa jiya ta ƙi yau, ko raɓa ta sha, ko abin da ke riƙe da ita ne ya motsa. A gida in na ga haka, bango nake fara dubawa kafin in taɓa ƙofar. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma na ɗauko fara, abin goge katako, na ɗage kwanon bakin ƙofar, na shafe ta sau huɗu ko biyar, na mayar. Ta rufu tsaf.

Na ce, “Bayan Hajji ka kawo ta, ina so in buɗe bayanta.”

Ya ce, “Akwai matsala ne?”

Na ce, “Dubawa kawai.”

Da na ce masa ajiye ta, da ya ajiye. Bai taɓa tsallake maganata a kan katako ba. Kalma biyu ce, ban faɗa ba.

Aka sauko daga Mina, muka yi da shi Asabar zai kawo ta. Ran Alhamis Safiya ta ji jikinta ya yi nauyi, watanta ya tsaya, ta ce tana son mahaifiyarta kusa. Hamza ya yi sallar asuba ya kama hanyar Makka don ya ɗauko mahaifiyar. Wani direban lori da na taɓa gina wa jiki yana bayansa, shi ya ga abin. Ya ce Hamza ba gudu yake ba. Akwai wani ɗan kwari inda kwalta ta lotsa, motar ta shiga ta fito, sai ya ga tayoyin baya sun karkace sun rabu da jikin, ta juya gefe ta kife. Ga shi ba rufi. Direban ya tsaya, shi da fasinjojinsa suka ɗaga ta. Ya ce Hamza ya yi salati, ya tambaya ko ya buge wani, aka ce masa a'a. Suka juyo da shi, kafin su iso Jidda ya cika. A bayan lorin aka kawo shi, kwance kan benci.

Ni da limamin unguwa muka yi masa wanka. Aka kai shi bayan la'asar. Mu'allim ya riƙe kafaɗata har maƙabarta, ya dawo ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku, bai ce mini komai ba sai abin da yake ce wa kowa.

Rana ta huɗu na tafi inda aka jawo motar aka ajiye, da filaya a aljihu. Jikin bai lalace sosai ba, har madubi ɗaya na nan. Na kwanta na cire kwanon da ya rage. Ko minti biyar ban yi ba. Katakon da ke bayansa baƙi ne, na sa babban yatsa ya nutse kamar a jiƙaƙƙen burodi. Inda notin sifirin ya ratsa, rami ne da hannu zai shiga, an danƙara masa ma'ajun. Wata huɗu ke nan ma'ajun da fenti ke ɗauke da Hamza. Na ɓallo guntu na naɗe a hankici.

Na samu Mu'allim shi kaɗai a kan bencinsa da hantsi. Na durƙusa na sa masa guntun a tafin hannu. Ya murza, ya zube masa a cinya. Ya sansana yatsunsa.

Ya ce, “Daga ina?”

“Wurin tayar baya.”

“Ran nan na tambaye ka.”

“Daga waje na duba, Mu'allim. Ban buɗe ba. Na ji ma'ajun, na bari.”

Na ce akwai saura, na gaya masa maganar ƙofa. Nan ne ya ɗago kai.

“Ƙofa ta ƙi rufuwa, ka goge ta.”

“Na goge ta.”

Ya daɗe yana karkaɗe garin daga rigarsa, har bayan ba sauran komai. Sannan ya ce, “Ni ma na ji warin, ranar da ya kawo ta. Da ka ce ka duba, na gane daga muryarka iyakar inda ka duba. Amma ina jin yaron yana dariya a bayana, sai na karɓi maganarka, don ita nake so in ji.” Ya numfasa. “Kwanansa ya ƙare, wannan na Allah ne, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Aikin kuwa namu ne, kuma ba mu yi ba. Kada ka haɗa biyun don ka samu sauƙi.”

Na ce zan gaya wa Safiya.

Ya ce, “Ka bari. Ba abin da zai dawo mata da shi.”

Ta haihu bayan kwana tara, mace, aka sa mata Amina. Na bari aka yi suna, na bari ta yi arba'in. Kullum in na shiga gidan duba Mu'allim sai ta aiko a gaishe da Yaya, a gode masa da ɗawainiya. Godiyar nan ce na kasa ci gaba da karɓa. Wata rana na tsaya a bakin ɗakinta, labule a tsakaninmu, na faɗa mata duka, yadda na faɗa muku. Ina jin jaririyar na tsotso.

Da na gama ta ce, “Duk lokacin da na ji tsoron motar nan sai ya ce mini, Yaya Garba ya duba ta.”



Ta ƙara da cewa, “Ni na aike shi ya ɗauko Inna. Tun ranar nake cewa ni ce. Yanzu ka zo ka ce kai ne. Da ka bar ni da nawa, Yaya, na fara sabawa da shi.”

Bayan mako ɗaya 'yan'uwanta suka zo daga Makka suka tafi da ita da 'yar. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara ba. Cewa ta yi ba za ta iya zama a gidan da nake shiga ba, kuma ta san tsohon ba shi da kowa sai ni. Mu'allim ya tsaya a ƙofa ya shafa kan jikarsa, ya bi fuskarta da yatsu. Da motarsu ta tashi ya ce mini, “Na ce ka bari.” Bai sake ta da maganar ba.

Shekarar ba ta tsaya nan ba. Masu jigilar alhazai suka fara kawo motoci masu jikin ƙarfe a haɗe, ba wanda ya sake turo mana lori. Na mayar da Mu'allim gidana, matata na kula da shi, kafin azumi ya zagayo ya rasu. Na rufe shago na shiga wurin masu ginin siminti. Aikin da suka ba ni shi ne buga allunan da ake zuba kankare a ciki. Ka kafa da safe, a zuba, bayan 'yan kwanaki ka ɓamɓare ka jefar gefe, ka kafa wani. Ba mai tambayarka wane itace ne, ba mai juya shi ko fuska ɗaya. A hanyata ta zuwa aiki ina bi ta gefen tsohon gari, in ga an sauko da roshan daga gidan da za a rushe, an tara a bakin hanya, masu gasa burodi na zuwa ɗiba. Shekara bakwai na yi a wannan aikin, sannan na samu wuri a wata masana'antar ƙofofi a kudancin gari.

Aikin ƙarshe da zan ba ku labari, shekara goma sha takwas bayan rasuwar Hamza ya zo. Ranar hutu nakan ɗan taɓa aikin hannu a tsakar gidana. Wata Juma'a da hantsi aka yi sallama, dattijo ne da budurwa. Dattijon wan Safiya ne, na gane shi. Yarinyar kuwa ba sai an faɗa mini ba, goshin da yadda take karkata kai in tana sauraro duk na ubanta ne. Bayan gaisuwa ya ce Amina za ta yi aure bayan Sallah, ana son gado da akwatin kaya.

Na ce, “Alhaji, shaguna sun cika da na waje, masu kyau, yau ma za a iya ɗauka.”

Amina ce ta amsa. Ta ce, “Umma ta ce ba na shago ba, Kawu. Ta ce a zo wurinka.”

Jawi ya riga ya yi wuya a kasuwa. Sai da na bi masu rushe tsofaffin gidaje na samu katakai shida masu kyau. Na cire musu ƙusa, na tsaga da zarton hannu, na jera su a inuwa kwana ashirin su saba da iska. Wata biyu na yi a kan gadon nan da akwatin, daga dawowa aiki zuwa magariba. Da na gama na ɗora su a mota na bi su da kaina, na haɗa gadon a ɗakin amarya a Makka, na hau na zauna a kowace kusurwa, na ja shi, na girgiza, bai yi ƙara ba.

Ina naɗe kayan aikina a tsakar gida sai na ji murya daga bayan wata ƙofa. Ta tsufa, amma na gane ta.

“Sannu da aiki, Yaya.”

Na ce, “Yauwa, Safiya. Sannu.”

Har na ɗauki jakata. Sannan ta ce, “Kada ka tafi ba ka ci ba.”

Na ajiye jakar, na wanke hannu, na zauna. Shinkafa ce da nama, da zafinta. Na cinye duka.